Ginin da Mushe Sila Ya Yi wa Ruwa

"Ku yaye ledag ga! Malam, don Allah yaye ta!"

Sahura ce take ihu tun daga zaure, kallabinta a hannu. Hadari ya haɗo daga gabas ya rufe kan dutsen, na farko a bana, unguwa duk ta ruɗe. Mata na kwashe shanya, awaki na tsere, masu gona sai dariya suke suna lalubar iri. Shi kuwa mijinta Usaini magini yana kan tsani a tsakar gidan maƙwabcinsu, yana ɗaure baƙar leda a kan ginin.

Ginin na Mushe Sila ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da kimiyyar fizik a lise, babbar sakandaren Dogon Dutsi, har sunan Mushe, wato malam da Faransanci, ya bi shi gida. Da ya bar aiki sai ya koma wasa da laka. Rani guda ya yi yana ɗora wani abu mai murɗe kamar ƙahon rago, ya fi mutum tsawo: jan ƙasa, farar ƙasa, toka, shuɗin baba, hawa-hawa, ba ciyawa a ciki, ba yaɓe a waje.

"Wanga gini ba ya ganin kaka," in ji Usaini tun ranar farko.

"Madalla, ka gane!" Mushe ya ce. Ya juya ga Sahura da ta kawo musu fura. "Kin taɓa ganin hurad da anka dama ta koma nono daban, gero daban? Ko shayi ya huce ya ɗau zahi da kainai? Shi a l'entropie. Masu zane na yanzu har da ƙanƙara suka aiki, su bari ta narke gaban mutane. Ni rabi niy yi. Ruwa za ya ƙarasa."

A ranta Sahura ta ce boko ya yi wa bawan Allah yawa. Amma tana son tsohon nan, shi ya zauna da 'ya'yanta a kan lissafi bai taɓa gajiya ba. Da aka dawo da shi daga asibiti aka ce a yi jinya a gida, kowa ya san ma'anar. Jiya da ta shiga gaishe shi abu ɗaya ya roƙe ta, kada a bari ruwan farko ya wuce bai gani ba.

"Ke!" Usaini ya ce daga kan tsani, igiya a baki. "Mutum na kwance ba lahiya, in bar aikinai shi zube ina kallo? Ni magini? Mi za a ce da ni?"

"Malam," in ji Sahura, "Mushe ba ya ganin ruwa na biyu."

Usaini ya tsaya. Ba shi da abin da zai yi wa abokinsa sai wannan ledar, Sahura ta sani, har tausayinsa ya kama ta. Iska ta kaɗa. Ya zaro wuƙa ya datse igiyar, leda ta tashi fal-fal ta haye katanga.

"Josiane!" Sahura ta ƙwala wa 'yar Mushe kira. "Kama gadon, mu kai shi bakin ƙohwa!"

Suka cicciɓo shi, ba nauyi. Ko ajiyewa ba su yi ba ɗigo ya fara, manya-manya, ƙamshin ƙasa ya tashi. Sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

"Ku diba! Ku diba!" Muryar Mushe ce ta fito, da ƙarfin da aka yi kwanaki ba a ji ba. Shuɗi ya gangaro ya ratsa fari, ja ya biyo su, kan ƙahon ya lanƙwashe ya faɗo tim. Maƙwabta suka cika zauren suna leƙe, wata ta rangaɗa guɗa. Sahura ta tsinci kanta tana tafi a cikin ruwa kamar yarinya. Usaini ma da ya rufe ido da hannu, ta tsakanin yatsu yake kallo.

"Baba, in ɗauka da waya?" in ji Josiane.

"A'a, ɗiyata, aje ta. Ki gani da idonki." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Usaini, tun ina saurayi kuka ce min Mushe. Kun kusa yin gaskiya."

"Kai dai ba ka da dama," Usaini ya ce, hawaye da ruwa sun haɗu a gemunsa.

Da hantsi washegari Mushe ya cika. Rabin unguwa daga gonar shuka suka zo, ƙafafu duk taɓo, 'yan coci da 'yan masallaci suka cika tabarma ɗaya. Sahura na zaune kusa da Josiane tana kuka ba ɓoyewa. Wata kaza ta ratso ta cikin lakar da ta malale a tsakar gida, ta bi ta kan tabarmar a hankali, tana barin sawu shuɗi-shuɗi. Ba wanda ya kore ta.