Minti Huɗu a Hannun Tanti Afiavi

Senami na laɓe bayan ƙofar ɗakin gwaji da agogo a tafin hannu, tana ƙirga wa Tanti Afiavi lokaci, kunya kamar ta kashe ta. Matar nan ce ta koya mata sa safar hannu ranar da ta fara zuwa wannan cibiya ta Kwatano.

Aikin digirinta a kan ribosom yake, 'yan mitsitsin masaƙan da ke saƙa furotin cikin ƙwayar halitta. In ƙwaya ta shiga wuya sai ribosom na gaba ya cije, na baya ya yi karo da shi, karon nan ne ke sanar da ƙwayar ta dakata da aiki har ta farfaɗo. To, sau uku ke nan ƙwayoyin da ba a taɓa ba, na kwatance, su ma suna nuna karo. Farfesa Dossou ya ce akwai mai jinkiri wajen kai farantin ƙwayoyi daga akwatin ɗumi zuwa kan ƙanƙarar da ke tsayar da su cak, inda ƙa'ida minti ɗaya ce, kuma ko wane ne zai bar aikin. Tanti kuwa ta wuce shekarun ritaya, alfarma ce kawai ke riƙe da ita.

Minti huɗu ta yi. Tana ɗauko faranti hannun ya soma rawa, sai ta ajiye ta jira ya lafa don kada ta zubar. Su kuwa ƙwayoyi ina ruwansu da uzuri, sanyin ɗaki ya buge su tun ba su kai ƙanƙara ba.

"Fito, 'yata, na ga takalminki," in ji Tanti, ko waiwaye babu. "Nawa?"

Senami ta faɗa mata. Tanti ta zauna, ta ce tun bikin Ista hannun ke haka, yanzu ko ganyen da ake naɗe tuwon akasa sai an kwance mata. "Je ki gaya masa. Ba za ki rasa digiri saboda tsohuwa ba."

Senami ta sa agogon a aljihu, ta dubi teburin ƙanƙara can ƙarshen ɗaki.

Da rana Farfesa ya leƙo, ya tarar an jawo teburin ƙanƙara har jikin akwatin ɗumi. Senami ce ke ɗaukar faranti, Tanti na zaune tana mata faɗan ta cika nawa.

"An gano mai jinkirin?"

"An gano, Farfesa. Teburin ne, ya yi nisa."

Ya dubi teburin, ya dubi hannun da Tanti ta danne da ɗaya a cinya.

"To, kada a sake matsar da shi," ya ce, ya ja ƙofa.