Wanda Suke Kira Malam Biri

"Tallabe ni ta nan, Usaini, ƙafar ce ta ƙi."

Na riƙe shi har bakin rariya, na zuba masa ruwa ya yi alwala. Jikin Malam Muntaka ya koma kamar karan dawa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a ƙauyenmu na gefen Tsanyawa. Tunda matarsa ta rasu, ɗansa Jamil ya tare a Bacirawa can birni, ba mai leƙa shi sai ni, ni ma sai na dawo daga gona.

Ya daɗe yana koyar da ilimin halittu a sakandare. Wani ɗalibinsa ne ya kawo labari gari, wai Malam ya ce daga biri muka fito. Tun daga nan yara suka laƙaba masa Malam Biri. In ya shiga sahu a masallaci, sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Duk da haka bai taɓa fashin jam'i ba, har ciwo ya kwantar da shi.

Da ya idar da sallarsa a zaune, na yi ta maza na tambaye shi.

"Malam, wai da gaske ka faɗi maganar nan?"

"Cewa na yi tushenmu ɗaya da su, can da nisa. Ƙasusuwan da aka tono sun nuna haka. Na karanta, na gamsu."

"To Annabi Adamu fa?"

Ya murza carbi.

"Tambayar nan ta daɗe tana cina. Ba wanda zan kai wa. Malaman gari su ce na bar hanya, abokan karatuna su yi mini dariya." Ya numfasa. "'Yarka Aina'u, ranar da aka haife ta, ta san kanta?"

"Ina fa."

"Yanzu in ka kira ta tana juyowa. Wace rana ce ta fara sani?"

Na ce ba zan iya faɗa ba.

"Haka nake zaton hankalin ɗan Adam ya farka, sannu a hankali, har ya ɗaga kai ya tambayi wa ya yi shi. Wanda ya farkar da shi nake wa sujada. Ragowar ban warware ba, Usaini. Zan tambaya in na je."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Ba a yi nisa ba, wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, na kai masa kunu na yi sallama ba amsa. Na shiga na tarar rai ya yi halinsa. Na aika aka kira Liman Kamaruddeen. Ya zo ya tsaya a zaure, maza kaɗan a bayansa, kowa na kallon ƙasa.

"Usaini, ka ji ya yi kalmar shahada?"

Da na ce e, da magana ta ƙare.

"Ban ji ba, Malam. Ba kowa a wurin. A kan buzu na same shi, ya fuskanci gabas."

Liman ya daɗe yana shafa gemu.

"Allah ne masanin zukata. A ɗora ruwan wanka."

Waɗanda suka yi masa salla ba su da yawa, wasu sun ce shuka ba ta jira. Jamil bai iso ba sai da muka dawo daga maƙabarta. Ya karɓi gaisuwa a tsaye, ya kulle ɗakin, ya bi motar yamma.

Da la'asar sakaliya na ji kukan akuya ta bayan katanga. Ta Malam Muntaka ce, an manta da ita a ɗaure. Na shiga na zuba mata ruwa a kasko, na tsuguna. Tana sha tana ɗagowa, tana duban ƙofar ɗakin.