Rijiyar Abarshi

A zamanin da fatake ke ratsa dajin Birnin Gwari da jakuna, an yi wani mahaƙin rijiya a Kusasu, sunansa Abarshi. Da ya auri Habiba, ya bugi ƙirji gaban surukinsa Malam Labaran cewa 'yarsa ta gama zuwa rafin daji. Ya haƙa rijiya a tsakar gida, sai ruwan ya fito da zartsi, ko akuya sai ta yi tunani. Baki shi ke yanka wuya. Habiba ta ci gaba da zuwa rafi, shi kuwa ya ƙi bari magana ta fita.

Wata Buzuwa cikin ayarin masu gishirin Bilma ta koya wa Habiba dabarar mutanen hamada. A zuba ruwan a akushi, a sa ƙoƙo a tsakiya, a ɗaure baki da tantani, a ɗora tsakuwa, a bar wa rana. Gumin da ya ɗiga a ƙoƙon ba gishiri, amma wuni guda bai cika ludayi ba.

Da aka ce Malam Labaran na tafe daga Randagi, Abarshi ya hana Habiba ɗaukar tulu, kada maƙwabta su ba da labari. Ya jera akusa bayan rumbu, ya tara ƙwarya guda. Tsoho ya iso, aka miƙa masa, ya shanye, ya sa wa rijiya albarka. Abarshi yana durƙushe, ya amsa da amin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Azahar ta yi, tsoho bai jira kowa ba, ya zura guga, ya cika buta. Ya kurkure baki. Ya daɗe bai zubar ba, sannan ya ƙarasa alwalarsa, ya yi salla. Ya dubi leɓen 'yarsa da ya bushe, ya ɗauki tulun da ke jingine a bakin ɗaki.

"Habiba, ta ina hanyar rafin take?"

Abarshi ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya kama wuyan tulun, kansa a sunkuye.

"Baba, a bar mini."

Haka ya ratsa gari da rana tsaka, da gemunsa, ga tulu a ka, mata na kaucewa suna rufe baki.