Saɓar Malalaci

Bayan an yi wa Inna aiki a gwiwa, autarta ta ɗauko ta daga asibiti zuwa gidanta da ke hawa na uku. Sauka ƙasa ba ta taso ba, sai kujerar falo ta zama mazauninta. Kujerar kuwa tana fuskantar wani tankin gilashi da mijin Auta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya cika da ruwan gishiri.

Kifayen ciki ba su da yawa. Abin da Injiniya ya fi ji da shi wani murjani ne mai laushi, ruwan ƙasa, mai faɗin kai, da ya manne a kan dutse.

"Wannan ne murjanin?" in ji Inna. "Wanda na sani ja ne, a wuya ake sa shi. Wannan ai tsohuwar fatar takalmi ce."

"Yana da rai, Inna," in ji Injiniya. "Bari fitilar tankin ta kama ki gani."

Da hasken ya zo, sai wasu ƙananan tsirai suka fito masa kamar gashi, suna rausaya duk inda ruwa ya kaɗa su. Inna ta daɗe tana kallo, har shayinta ya huce. Ta sa masa suna Malalaci, tunda ko kusa ba ya barin inda yake.

Ana nan sai aiki ya kai Injiniya wata masana'anta mai nisa. Auta kuma tun safe take fita ofis, don haka Inna ta karɓi ragamar tankin. Kafin ya tafi ya nuna mata layin da ruwa zai tsaya, ya ce in ya ragu ta ƙara wanda aka tace, ban da gishiri, kuma kada ta taɓa murjanin da hannu. Kullum sai ta dogara sandarta, ta je ta duba layin, ta barbaɗa wa kifaye abinci.

Wata safiya fitila ta kama, Malalaci bai buɗe ba. Ya tsuke, jikinsa na ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma. Washegari ma haka. Inna ta ture abincin rana gefe.

"Na kashe wa bawan Allah abinsa," ta ce bayan Auta ta dawo. "Da wane ido zan kalle shi?"

Auta ta kira mijinta, ta haska masa tankin da waya. Sai suka ji yana dariya.

"Inna, kwantar da hankalinki. Saɓa zai yi, kamar maciji. Haka yake wanke dattin jikinsa. Ki ɗan juya bakin famfon nan na hagu, ruwan ya riƙa wucewa ta kansa, kada ya buge shi kai tsaye."

Inna ta hana Auta taɓawa. Ita ta naɗe hannun riga ta juya famfon da kanta.

Ya ƙara 'yan kwanaki a tsuke. Ran nan da hantsi tana zaune sai ta ga wata siririyar fata tana ɗayewa daga gefensa, ruwa na jan ta a hankali. Ta kwashe ta da ƙaramar raga kamar yadda aka gaya mata. Kafin la'asar tsiran sun fito gaba ɗaya, har sun fi na da tsawo.

Lokacin da Injiniya ya dawo, gwiwar ta yi kyau, likita ya ce Inna za ta iya komawa gidanta. Auta ta fara haɗa mata kaya.

"Wai korata kike yi?" in ji Inna. Ta juya wajen surukinta. "Yaushe zai sake saɓar?"

"Ba shi da rana, Inna. Sai ya ga dama."

"To, mayar da jakar nan ɗaki," ta ce wa Auta. "Ki miƙo mini abincin kifin."