Layin Tarhon Mama

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban ofishin Grigore a lokacin zafi ya san abin da ake kira ɗoyi. Ɗanyun fatun tumaki yake saye daga ƙauyukan da ke kewaye da garinmu Braila, a barbaɗe su da gishiri, a jibge har rufi a ɗakunan ƙasa na benen da aka haife shi, sai motar Italiyawa ta zo ta kwashe. Kafin motar ta zo kuwa, ƙudaje ne masu gidan. Maƙwabta sun kai ƙara har sun gaji, sun koma rufe tagoginsu. Shi Grigore ya ce ba ya jin warin komai, kuma ni na yarda da shi, don mutumin ba abin da ke damunsa in dai ba aljihunsa aka taɓa ba.

Ƙanwarsa Otilia ce ke ji. Tun da aka rufe sashensu a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta dawo cin abinci a ƙarƙashinsa, ita ce sakatare, ita ce mai shara, ita ke dafa kofi, amma hancinta ya ƙi sabawa. Kullum da safe sai ta shafa man zafi a ƙarƙashin hanci kafin ta tura ƙofar.

Wata Juma'a Grigore ya shigo da ɗan kwali, ya dire mata a kan tebur.

"Katin faks ne," ya ce. "Italiyawa sun ce in ba mu da faks za su koma saye wajen Bulgeriyawa. Ke ce injiniyar gidanmu, a cusa shi cikin kwamfutar nan. Yau nake so in ga takardarsu ta iso."

"Yaya, ni injiniyar jirgi ce."

"To jirgin yana ina? Ɗauki sukudireba, malama."

Kwamfutar kwance ce, daga Jamus wani direba ya kawo ta, kuma ba wanda ya taɓa leƙa cikinta. Da Otilia ta kwance notina ta ɗaga murfin sai da ta ja da baya. Ƙura ta haɗu da maiƙo ta zama kamar bargo, launin ruwan taba, ga gashin kyanwa ya nannaɗe fankar. A kusurwa kyankyasai sun mutu sun bushe, ƙwayayensu a manne a jikin wayoyi. Guda biyu masu rai suka fito da gudu suka bi ta bayan hannunta. Ta yarfe hannun, ta ɗauko tsohon buroshin haƙori ta shiga kankara.

Aikin kansa ba wuya. Ta cire ɗan ƙarfen da ya toshe gurbi, ta saita haƙoran katin, ta danna da manyan yatsu biyu har ya zauna daram, ta ɗaure shi da noti. Ta zura faifan da ya zo a kwalin, ta bi rubutun Jamusanci da lalube har kwamfutar ta amince cewa ta yi sabon baƙo. A bayan katin akwai ramuka biyu, ɗaya na layi, ɗaya na kan tarho.

"Ya zauna," ta ce. "Saura layi. Yaushe mutanen tarho za su zo?"

Grigore ya ɗaga sigarinsa ya nuna rufi da shi.

A saman rufin nan Mama take, uwar da ta haife su. A duk benen ita kaɗai ke da tarho. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane ba: a garinmu sai ka rubuta neman layi kana saurayi, ya iso kana da furfura. Babansu ya nema tun Otilia tana firamare, aka zo aka ja wayar bayan an binne shi. Yanzu kuwa tarhon nan shi ne rayuwar Mama, saboda autanta Sandu. Yana Isra'ila yana ɗaukar siminti, takardunsa sun ƙare, ba shi da lambar da za a same shi. Shi ne ke kira daga rumfar tarho ta bakin titi idan ya samu kati, yawanci ranar Juma'a in an tashi aiki da wuri. Makonni ke nan bai kira ba. Mama ta daina zuwa kasuwa, ko wanka za ta yi sai ta bar ƙofar banɗaki a buɗe don kada ya yi ƙara ba ta ji ba.

"Ba ka da hankali," in ji Otilia. "Layin Mama?"

"Aro ne. Sati biyu kacal. Na yi magana da wani a kamfanin tarho."

Kowa a Braila yana da wani a kamfanin tarho, kuma kowa ya san abin da sati biyun nan ke nufi.

"To a raba mana," ta ce. "In ja reshe ya sauko, nata ya zauna yadda yake."

"Mama? Kafin tarho ya gama buɗe baki ta cafke shi. Faks ɗin Baitaliye ya shigo ta ce masa Sandu ɗana ka ci abinci? Ko ta kama hira da ƙawarta Tanti Aglaia a kan ciwon gwiwa, layi ya toshe har yamma? A cire nata gaba ɗaya."

"Ka tambaye ta?"

"Ki ce mata gyara kika zo yi."

"Yau Juma'a, Yaya."

"Na san kwanan wata, ba sai kin karanta mini ba. Shi Sandun me ya taɓa aiko mata ban da alo alo? Wa ke saya mata maganin hawan jini? Wa ke ciyar da ke da 'ya'yanki da wannan ragon mijin naki? Fatun nan da kike toshe wa hanci ne. Ɗauki wayar ki hau."

Ta tsaya tana kallonsa, da ƙaton zobensa da gishirin fata a gashin hannunsa, ta ji ƙyamarsa har cikin haƙoranta. Sannan ta tuna takalman makarantar yara. Ta ɗauki naɗin waya da filaya ta hau.

Gidan Mama ƙamshin suya yake yi. Tana tsaye gaban murhu tana jefa gogoshi, wato fanke mai sukari, a mai, kunnenta na falo. Tarhon yana inda yake kullum, a kan ɗan tebur ƙarƙashin hoton Maryamu, an lulluɓe shi da farin ƙyallen da ta saƙa da hannunta.

"Me ya kawo ki da kayan aiki, 'yata?"

"Layin zan duba, Mama."

Fuskar tsohuwar ta washe. "Allah ya yi miki albarka! Wallahi ni ma na zargi layin nan. Na ce yaron nan ba zai yi shiru haka kawai ba, yana kira ne ba ya samu na. Duba shi da kyau."

Otilia ta durƙusa. Ta kwance soket ɗin bango, Mama ta miƙo tafin hannu ta riƙe mata notinan don kada su ɓata. Wayoyi biyu ne sirara. Ta zare su, ta murɗa su da sabuwar wayar, ta naɗe da salatif, ta mayar da murfin yadda ba mai ganewa. Aiki mai tsabta ta yi, don hannunta bai iya na banza ba. Ta bi da wayar ta gindin bango, ta bayan labule, ta fitar da ita baranda ta zura ƙasa.

Mama ta ɗaga kan tarhon ta kara a kunne. "Ai shiru nake ji."

"Sai an jima zai dawo."

"To, to. Ke kika san aikinki. Bari in gama suyar nan in kawo muku."

A ƙasa Fane, mai loda fatu, ya taka tulin fatun ya cafko wayar ta taga. Kafin ta iso hannun Otilia ta sha yauƙi da gishiri. Ta goge da jarida, ta ɗaura mata kai, ta soka a ramin layi. Ta danna gwaji, ɗan lasifikar katin ya saki ƙugin nan na layi mai rai. Grigore ya tafa hannu.

"A sa ta riƙa ɗauka da kanta, tun ƙarar farko. Ba na son kowa ya taɓa."

Ta sa. Ya aika Fane gidan waya ya sanar da Italiyawa lambar, ya zauna a gefen tebur yana kaɗa ƙafa.

Ana cikin jira Mama ta sauko, tana dafa bango, da faranti a rufe da tawul. Ba ta cika shiga ɗakin nan ba, don warin yana tayar mata da ciwon kai. Ta ajiye farantin tana korar ƙudaje da hannu. Grigore ya yaye tawul ɗin, ya ɗauki gogoshi da hannun da ya gama juya fata, ya tura a baki.

Sai kwamfutar ta yi ƙara sau ɗaya, ta ɗauka.

Daga lasifikar aka ji hayaniyar motoci, sannan murya, ƙarama amma tar.

"Alo? Mama? Ni ne, Sandu."

Injin ya amsa masa da kururuwar faks, wani tsinin ƙara mai huda kunne. Sandu ya sake magana.

"Mama, kina ji na? Mene ne wannan ƙarar? Ina asibiti ne duk kwanakin nan, na faɗo daga gini, yau aka sallame ni. Mama? Katin ba yawa, yi magana mana!"

Mama ta waiga hagu ta waiga dama tana neman inda ɗanta yake. Ta gane daga akwatin ƙarfen muryar ke fitowa. Ta dafa tebur, ta sunkuya har leɓenta ya kusa taɓa ramukan fankar.

"Ga ni, ɗana! Ga ni nan! Ina ka buge? Sandu, ni ce!"

Otilia ta zabura ta leƙa bayan kwamfutar. Ramin kan tarho yana nan fanko, kuma duk ɗakin babu kan tarho ko na magani. Na Mama yana sama, da tsohon fulogi mai ƙafafu da ba zai shiga ramin ba ko da ta tashi sama ta ɗauko. Ta tsaya da hannu biyu a buɗe.

"Alo? Wai lambar ce na ɓata?" in ji muryar. Injin ya ƙara kurma masa ihu, sannan ya yi ƙas, ya katse.

Mama ba ta ɗago ba.

"Ya ji ni?" ta tambaya.

Grigore ya lashe sukarin yatsunsa. "Kai, amma layin nan garau yake. Daga Isra'ila fa, kamar yana ɗakin nan. Ashe na Italiya ma ba za a sha wahala ba."

Otilia ta dubi wanta, ta dubi hannayenta da suka yi aikin, ta rasa wanda ya fi ba ta ƙyama.

"Bai ji ki ba, Mama," ta ce. "Ba gyara na yi ba. Layinki na cire na kawo nan. Yanzu zan mayar miki."

Ta ɗauki filaya ta kai hannu ga wayar.

"Kika taɓa ta, kada in ga ƙafarki ranar Litinin," in ji Grigore.

Ba maganarsa ce ta tsayar da ita ba. Mama ce ta riƙe mata wuyan hannu, da ƙarfin da Otilia ba ta san tana da shi ba.

"Bari! In kin cire kina can kina haɗawa ya sake kira fa? Ya ji shiru ya ce na mutu? Bar shi yadda yake. Nan dai ina jin muryarsa."

"Mama, ba zai ji ki ba ko kin kwana kina magana."

"Ni zan ji shi."

Ta jawo kujerar da Fane ke zama yana kankare fata, ta goge ta da gefen zanenta, ta zauna daf da kwamfutar, tulin fatu a bayanta. Ƙuda ya sauka a goshinta ba ta kore shi ba. Ta gyara ɗankwalinta ta fito da kunne ɗaya waje, ta karkata shi wajen ramukan fankar.

"Ku yi shiru," ta ce. "Zai nemo wani katin."