Tsagar da ke Fuskar Jinina

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo mini shi. Ni Sallau wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Kakana yana tsakiyar aski ɓarin jikinsa ya shanye. Babana ma a gidan suna aska ta suɓuce masa, hannun damansa bai sake ɗaguwa ba har ya koma ga Allah. Sati uku ke nan da aka ɗebi jinina a asibiti don a duba ko ni ma can na nufa, amma na ƙi komawa karɓar sakamako. Tsoro nake ji, ba komai ba. Dama wanzami ba ya son jarfa.

To, a mafarkin sai ga ni a wani ofis da rana tsaka. Akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana cinye duk takardar da ta gama karantawa. A waje ana ruwa, daga ƙasa yake tashi ya nufi sama, mutane na tafe sun taka laimominsu.

Akuyar ta ce, "Kai ne mai jinin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Zauna. Ba kai za a tambaya ba, shi za a tambaya."

Na waiwaya, sai ga jinina zaune a benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da hulata a kansa. Muka gaisa. Na ce ya gajiya, ya ce ai shi kullum cikin zagaye yake.

A kumatunsa akwai tsaga uku, sirara, miƙaƙƙu. Kallo ɗaya na gane aikin Kaka ne, don ba wanda ke jan aska haka. 

"Alamar gidanku ce, da ita aka haife shi," in ji akuyar.

Ƙasa da ukun nan kuma akwai wasu guda biyu, sababbi, a karkace, kamar kaza ta yi tono. Raina ya ɓaci. Na ce, "Wane ɗan koyo ne ya yi wannan ɓarna?"

Jinin ya ce, "Kai ne, Malam. Wannan ta gishirin da kake barbaɗa wa miya tun kafin ka ɗanɗana. Wannan kuma ta ƙwayar hawan jinin da ke kwance a zabirarka tun azumi, ko ledar ba ka farke ba."

Ban tsaya musu ba, na yi abin da na iya. Na zaro ƙaho na kafa masa a ƙeya, na zuƙa da ƙarfi don in fitar da gadon. Ƙuli-ƙuli ya fito, sannan rediyo, sannan wata tsohuwa da ta tambaye ni hanyar tasha. Tsagar tana nan inda take.

Sai kawai muna cikin kwale-kwale a kan busasshen yashi. Babana ne ke tuƙi, da hannu biyu, lafiya lau. Na daɗe ina kallon hannun nan, har na ji hawaye.

Na ce, "Baba, abin naku ya biyo ni."

Ya ce, "Shekara nawa kana yi wa 'ya'yan mutane tsaga? Gidan da mutum ya fito take faɗa, ko inda zai kwana?"

"Gidan da ya fito."

"To. Ni ba wanda ya taɓa ɗaura mini abin awo a hannu. In kaina na ciwo, sai in ce a kafa mini ƙaho. Kai an auna ka, ka ruga."

Ya tsaya a bakin ofis ya sauke ni, ya ce in gaishe da Uwani, matata ke nan.

Na tambayi akuyar sakamako. Ta ce ta cinye, bai da ɗaci sosai, in je in karɓi na gaske a inda na baro shi. Sannan ta miƙo gemu ta ce in rage mata. Na ɗaga aska. Hannuna na dama ya dube ni ya ce ya gaji, ya kwanta. Askar ta faɗi, ta bi ruwa ta yi sama.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Gari ya waye. Ban ko buɗe ido ba na lalubo hannun na mintsine shi. Ban ji komai ba. Na ce innalillahi, shi ke nan, ta same ni. Na sake mintsina da duk ƙarfina.

Uwani ta yi tsalle. "Wayyo! Malam, lafiya? Sakar mini hannu!"

Sai a lokacin na duba da wane hannu nake mintsinin. Na dama ne.