Ajin Manya

Inna Aisata ta dangwarar da damin shinkafa a kan teburin ɗanta. Ya bushe ƙayau, ƙaiƙayi sai zuba yake a kan ordinata, kwamfutar aikinsa. Sai da Cha'ibu ya janye na'urar ya hure ta sannan ya tuna da gaisuwa.

"Inna, daga Tanda cikin wannan rana?"

"Ba ta kai wadda ke cin gonata ba. An ce kai ka koya ma ƙarfen ga rabon ruwa."

Shi ne kuwa, kuma duk Gaya babu kunnen da bai sha labarin ba. Da ya dawo daga karatu a Yamai, ya gina wa ƙungiyar manoman shinkafa lojisiyal, wato manhajar kwamfuta, mai gaya wa mai famfo gonar da za ta sha yau da wadda za ta jira. Abin tinƙahonsa shi ne fasalin ginin. A cikin lojisiyal ɗin ya ƙera uwar aji guda mai suna Gona, ya zuba mata dokokin bin layi, kowace irin gona ta fito daga jikinta da halinta. Garin da ya so sai a ɗauka a dasa masa, ba sai an sake rubutu ba.

Abin da ba ya faɗa shi ne ranar da Alhaji Alfari, shugaban ƙungiya, ya dafa kafaɗarsa ya ce akwai mutanen da ba a sa su a layi. Gogan bai ko yi tari ba. Ya fitar da ƙaramin aji daga jikin uwar, ya raɗa masa suna Manya, mai tsallake kowa, ya goge shi tsaf yadda zai yi aiki ko'ina. Ya kuwa yi aiki ko'ina.

Da ruwa ke wadace babu wanda ya lura. Sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe gadar iyaka, wutar lantarki ta zama ta leƙe. Famfo ya tashi, ya shayar da manya, ya mutu. Ajin kuwa sai kumbura yake: mai kaki, surukin mai kaki, har da direban surukin.

*

Cha'ibu ya buɗe aikinsa. Ga ajin Manya nan ƙuru-ƙuru, goge shi bai kai shan shayi ba, kowa ya koma layi. Amma tushen ɗaya ne a duk garuruwan. Ya taɓa shi yau, gobe gonar Alhaji ta yi jira, tafiyar da aka yi masa alkawari zuwa Dosso don nuna gwanintarsa ta sha ruwa. Tsoro ya kama shi, sai ya sa masa suna hikima. Ya ɗauki gonar uwarsa ya jefa cikin Manya.

"An gama, Inna. Gobe ruwa na zuwa miki."

"Barira fa?"

Barira ce maƙwabciyar gonarta, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kuma ita ce ke gaban Inna a layi.

"Tsarin ba ya ɗaukar kowa da kowa, Inna."

Ta ɗauki daminta ta fita, ko ruwan da aka kawo mata ba ta kurɓa ba.

*

Washegari ya hau babur ya nufi Tanda karɓar albarka. Ya tarar da ruwa na kwarara cikin gonar, uwarsa kuma tsaye cikin laka har gwiwa. Ta sa fartanya ta fasa kunyar ƙasar da ta raba gonarta da ta Barira, ruwan na bi ta wajen yana wucewa.

"Inna, mi kike yi haka? Naki ne!"

"Nawa ne da na zo maka da kuka. Wanga na sata ne." Ba ta ɗago ba. "Ka koma ka fid da sunana daga cikin ɓarayi. Ubanka bai bar ni a can ba."

Can nesa famfo ya yi tari ya yi shiru. Ɗan ruwan da ya tsallaka ya shige tsagogin gonar Barira, ya ɓace tun bai kai tsakiya ba. Matan biyu suka tsaya suna kallon wurin da ya jiƙa.

Cha'ibu ya ciro hankici ya duƙa yana goge lakar da ta taɓa masa takalmi.